Soron Goni da Kwanon Abdulgani

Da Mala ya sauko daga jirgin ƙasa a tashar Kano, bayan mako biyar a Kurmi, can Kudu, wajen sayen goro, babu abin da ke ransa sai ya isa gida ya kwance huhunansa ya ga ko hanya ta yi musu illa. Ya sa 'yan dako suka loda kayan a amalanke, ya biyo su a ƙafa zuwa Fagge, yana amsa sannu da zuwa hagu da dama. Suna shiga layinsu wani haske ya soke masa ido. Ya kare fuska da hannun riga, ya sake dubawa. Rufin kwano ne sabo fil, rana ta hantsi na wasa a kansa, kuma ba a kan gidan kowa yake ba sai gidan Abdulgani, maƙwabcinsa na jikin katanga.

Mala ya tsaya cak a tsakiyar hanya har mai amalanke ya waiwayo ya tambaye shi ko an yi mantuwa a tasha.

To, sai an san Mala kafin a gane abin da ya tsayar da shi. Mahaifinsa Goni daga Barno ya zo, da allonsa da ɗan jarinsa na goro, ya zauna a Fagge tun gidajen unguwar ba su da yawa. Da Allah ya buɗa masa, ya kira Sammani magini, wanda a zamaninsa babu na biyunsa, ya gina masa soro na ajiyar goro. Bango mai kauri kamu biyu, bakuna huɗu sun tashi daga kusurwa sun haɗu a tsakiya, an jera azara a sama kamar an saƙa tabarma, an ɗora ƙasa. Ko ranar da kaza ke buɗe baki don zafi, in ka shiga soron nan sai ka ji kamar ka leƙa cikin randa. Goro kuwa abin da yake so ke nan. A nan Goni ya riƙa ajiye shi wata da watanni har ya zama daushe, a nan Mala ya gaje shi. Duk wanda zai yi kwatance a wannan yanki, da soron yake yi. A ce maka ka bi ta Rijiyar Lemo, ka tambayi layin Soron Goni, ko ɗan akuya zai nuna maka.

Shi kuwa Abdulgani, tare suka tashi, Mala ya girme shi da shekara biyu. Ubansa ɗan rakiyar Goni ne daga Barno, kuma shi kansa Abdulgani ya yi shekaru yana ɗaukar huhu a gidan kafin ya koma harkar gyaɗa. Gyaɗa ta karɓe shi. A shekarun nan na hamsin, da dalolin gyaɗa suka tashi a bakin tasha, duk wanda ya sa hannu a gyaɗa sai da ya ga canji a tukunyarsa. Mala bai taɓa jin haushin wannan ba, ko aƙalla haka yake faɗa wa kansa. Keke ma da Abdulgani ya saya, shi ya fara yi masa Allah sanya alheri. Amma keke ana shigar da shi zaure a rufe. Rufi kuwa yana sama, kowa na gani, kullum.

Da la'asar Abdulgani ya shigo yi masa barka da hanya, baki har kunne.

"Ya Mala, ka dawo lafiya? Ya ka baro mutanen Kurmi?"

"Lafiya lau."

"Ka ga abin da aka yi ba ka nan. Wallahi na so a ce kana gari. Tashi mu je ka gani, ka sa albarka. Akwai abin da nake so in nuna maka a ciki."

"Ai na gani," in ji Mala, yana tsintar goro bai ɗago ba. "Tun daga bakin layi ya kusa makanta ni. In na huta na shigo."

Hutun da bai zo ba ke nan. Al'ada ce dai sananniya, in maƙwabci ya yi sabon gini ko gyara, a shiga, a zauna, a ɗaga kai a duba, a yi addu'a Allah ya sa rai aka yi wa. Ba ta ɗaukar lokacin shan fura. Duk mazan layin sun shiga, har makaho Malam Idi an ja shi ya shafa bango ya sa albarka. Mala kaɗai ya rage. Ƙyashi ne ya kama shi, ƙyashi tsagwaronsa, irin wanda mutum ke jin kunyar kiran sunansa ko a zuci. In ya fito da safe kwanon ne ke fara yi masa sallama. In ya dawo daga masallaci shi ke tarbarsa. Har ya koma bi ta lungun baya, hanyar da ta fi nisa kuma ga kwata, don kawai kada su haɗa ido da rufi.

Da Abdulgani ya yanka rago ya tara malamai addu'ar gida, ya aiko musamman a kira Ya Mala. Mala ya ce zazzaɓi. Matarsa Huseina ta ɗauko mayafi za ta shiga taya matan gidan aiki, ya ce ta mayar da shi inda ta ɗauko.

"Malam, lafiya? Gidan Abdulgani ne fa."

"Na san gidan waye. Daga yau ba ke ba shiga, kuma kada in ƙara jin kalmar kwano a gidan nan, sai dai in na tuwo ne."

Huseina ta dube shi, ta ninke mayafinta. Shekara goma sha takwas tana zaune da shi, ta san lokacin da magana ke shiga da lokacin da ba ta shiga.

Da abin ya tsaya a nan, da wataƙila ya huce. Sai ga wani baƙo daga Haɗeja, mai sayen goro, ya yi sallama wata ranar Talata yana share gumi.

"Nan ne gidan Malam Mala mai goro? Kai, na sha yawo. Sai da wani ya ce mini in nemi layin gidan kwano, gidan da ke jikinsa shi ne naka."

Mala ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Gidan da ke jikinsa! Shekara arba'in ana kwatance da soron ubansa, yau shi ne ya zama na jiki, kuma jikin gidan wanda ya yi dakon huhu a wannan zauren. Ya sayar wa baƙon goro, amma bai san abin da ya ƙirga masa ba. Daga ranar ya kasa kunne, ya kuwa ji abin da yake nema. Mai tallan kananzir ya ce layin gidan kwano. Matan da ke layi a sabon famfon da aka kafa a bakin titi suka ce layin gidan kwano. Sunan mahaifinsa na zamewa daga bakin mutane yana ji yana gani, kuma babu wanda ya yi da mugunta, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

A gaskiya ba Mala kaɗai kwano ya ruɗa ba a wannan zamani. Duk mai gidan ƙasa ya san wahalar yaɓe kowace shekara kafin damina, ya san fargabar ruwan kwana uku, lokacin da ake jera ƙore a tsakar ɗaki ana addu'a kada rufi ya zauna a kan mutane. Wanda ya leƙa Sabon Gari ya ga gidaje a jere da kwano da fitilar lantarki, dole ya dawo yana yi wa nasa kallon tsoho. Mala ya tattara duk waɗannan dalilai ya jera wa kansa, ya ce ai don yaɓe ne, ai don damina ne. Ƙarya yake yi. Soron Goni bai taɓa ɗigar da ruwa ko cokali ɗaya ba.

A ƙofar masallaci ranar Juma'a Abdulgani ya sake tare shi, ya riƙe masa hannu.

"Ya Mala, ko na yi laifi ne? Gobe zan tafi ƙauye wajen awon gyaɗa, sai na yi mako uku. Don Allah ka shigo yau ko na minti ɗaya."

"In ka dawo," in ji Mala. Ya zare hannunsa.

Mako uku ya ishe shi. Washegari da Abdulgani ya hau mota, Mala ya kwashe goro ya jibge a zaure da ɗakin Huseina, ya ɗauko lebura shida daga wata unguwa, ya nuna musu saman soron ya ce su sauke. Babban cikinsu ya shiga ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, ya fito ya ce, "Maigida, wannan fa aikin Sammani ne. Ka tabbata?" Mala ya ce in ba za su iya ba akwai masu iyawa. Suka hau da diga. Kwana biyu suka yi suna fama, don ginin bai yarda ya mutu da sauƙi ba. Mutanen layi suka tsaya daga nesa suna kallo suna girgiza kai. Wasu sun ɗauka wani sabon fasali zai fitar wanda ba su sani ba, wasu kuma sun san bakin Mala, ba su ga dalilin kai kansu ba. Da bakan ƙarshe ya faɗi, ƙasa ta girgiza har cikin gida, Huseina ta saki kuka a madafa. Mala ma ya ji wani abu ya tsinke masa a ciki, amma ya dubi kwanon maƙwabci, abin ya koma ya kwanta.

Sannan ya ɗauki hularsa ya tsallaka Sabon Gari. Kafintan da kowa ke yabo shi ne Obinna, wani ɗan Kudu da ya yi shekara ashirin a Kano, Hausa a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Shi ya yi wa Abdulgani aiki, Mala ya sani, ya so ya nemi wani, amma yana son na ƙwarai. Ya same shi a rumfarsa cikin ƙamshin katako, fensir a bayan kunne.

"Kwano nake so," in ji Mala. "A kan soro. Na riga na sa an sauke rufin ƙasar, bango kawai ya rage, aikinka ya yi sauƙi."

Obinna ya ajiye zarto. "An sauke? Duka? Malam, ai na maƙwabcinka da na yi..."

"Ban zo nan don in ji labarin maƙwabcina ba. Nawa na zo a yi. Kuma ya fi nasa tsawo da kamu guda. In ka ƙara kawo mini sunansa, ga kafintoci can birjik."

Obinna ya dube shi, ya dubi ƙasa. Abin da aka rushe an rushe, magana ba za ta mayar da shi ba. Ya ce kawai, "To, a sa silin a ƙasan kwanon, saboda zafi." Mala ya tambaya ko ana ganin silin daga waje. Obinna ya ce a'a. Mala ya ce a bar shi tukuna, a ƙara wa rufin tsayi.

Kwana tara aka gama. Kai, ya yi kyau, wannan ba a musu. Rufin ya tashi sama ya leƙa na Abdulgani ta ka, yana walƙiya har Rijiyar Lemo ana hango shi. Mala ya mayar da goronsa ciki, ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida, ya daina bi ta lungu. Da Abdulgani ya dawo daga ƙauye ya sauka daga mota da jakarsa, ya tsaya a daidai inda Mala ya taɓa tsayawa, baki buɗe. Ya ƙaraso a hankali, ya leƙa ƙofar soron, ya ɗaga kai, ya fito fuskarsa ta canza.

"Ya Mala... ina rufin Baba Goni?"

"Zamani ya wuce da shi. Ba ka sa albarka ba."

"Allah ya sanya alheri," in ji Abdulgani, murya can ƙasa. Ya shige gida.

Ranar Mala ya ci tuwo malmala uku. Ya ce wa Huseina, "Kin ga fuskarsa? Ashe yana da zafi in a jikinka ne." Huseina ta kwashe kwanuka.

Sai bazara ta shigo. Wanda ya san Kano ya san watan da iska ke tsayawa cak, ƙasa na ƙona tafin ƙafa tun hantsi. Da can a irin wannan lokaci Mala ke shiga soro ya yi ƙailula a tsakanin huhuna, ya fito a wartsake. Yanzu da ya tura ƙofa da azahar, wani huci ya buge shi kamar ya buɗe tanderun gurasa. Kwanon na ƙara ƙas-ƙas a sama shi kaɗai. Ya kwance huhu ɗaya, ganyen da aka naɗe goron ya bushe yana karyewa a hannu. Ya yayyafa ruwa, ya sauya ganye. Kashegari ruwan ya zama gumi, goron ya yi ɗumi a tafin hannu. Ya ƙara yayyafi, na sama ya yamutse, na ƙasa ya fara baƙi. Ya jiƙa buhuna ya rataya, kafin la'asar sun bushe ƙayau. Ya kwashe wasu ya kai ɗakin Huseina, ɗakin bai ɗauki ko kashi ɗaya cikin biyar ba, ga hayaƙin madafa. Kullum da safe yana zaune yana tsinta, tarin na zubarwa yana fin na ajiyewa. Farin goro manya da ya zaɓo da hannunsa a Kurmi, wanda ya ci burin fitarwa daushe bayan Sallah, ya fasa ɗaya ya ga cikinsa ya yi laushi kamar dafaffen rogo.

A rana ta goma sha ɗaya da fara wannan fama Abdulgani ya yi sallama, ya same shi tsugune cikin gumi, rigar ta manne masa a baya.

"Ya Mala, kada ka ce na yi shisshigi. A kwashe abin da ya rage a kai ɗakina. Na fitar da kayana tun jiya."

Mala ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "In ɗauke shi daga wuta in kai shi wuta? Naka kwanon daga Aljanna aka sauko da shi?"

"Zo dai ka gani. Wannan karon ba don ni ba, don goron."

Da a ce jiya ne da ya ƙi. Amma ya dubi tarin baƙin goro a gefensa, ƙudaje na bi, ya miƙe ya bi bayansa. Taku goma sha biyu ne tsakanin ƙofarsa da ta Abdulgani, wata huɗu ke nan bai yi su ba.

Abdulgani ya ɗaga labule. Mala ya sa ƙafa, sanyi ya taɓa masa fuska, sanyin nan da ya sani tun yana rarrafe, mai ƙamshin ƙasa. Ya tsaya. Ya ɗaga kai. Babu kwano a sama. Azara ce a jere, tsohuwa, ta yi baƙi don shekaru, da ɗan baka guda ɗaya a tsakiya, karkatacce ma, aikin wani magini da bai kai ya riƙe wa Sammani kwando ba.

"Ina... ina kwanon?"

"Yana sama. A kan rufin ƙasar aka ɗora shi, kamar malafa a kan rawani. Nawa yoyo yake yi duk damina, ka sani. Na ce wa Obinna ya rufa masa asiri daga ruwa kawai, kada ya taɓa ƙasar. Baba Goni ne ya koya mini, yana cewa ɗakin da ba ƙasa a kansa ba ɗaki ba ne. Abin da nake ta so in nuna maka ke nan. Na ce in Ya Mala ya ga wannan dabara ya yi wa soronsu, an huta da yaɓe, kuma jikokinmu ma sai sun shiga sun sha sanyi."

Mala ya nemi bango ya jingina, ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Me ya hana ka faɗa mini da baki?"

"Sau uku ina kiranka, Ya Mala. Ni kuma ban taɓa kawowa a raina akwai mai hannun da zai iya taɓa soron nan ba. Tun ina yaro ina shiga da huhu a ka, in ajiye in ƙi fita, ina kallon sama ina cewa ina ma namu ne."

"A nemo magini," in ji Mala da sauri, kamar mai magana cikin zazzaɓi. "A mayar."

Su biyun sun san Sammani ya yi shekara tara a kabari, 'ya'yansa kuma bulo na siminti suke bugawa a Sabon Gari.

Mala ya ci gaba da kallon rufin. Ya so ya ji nadama ita kaɗai, ko kunya, abin da ya dace da dattijo. Amma abin da ya taso masa shi ne dai tsohon ciwon, sabo fil, ya ma fi na da zafi. Wannan ɗan karkataccen rufi, wanda da can ko kallo bai ishe shi ba, yanzu shi ne mafi sanyi a layin, kuma na Abdulgani ne.

"A fara kwasowa?" in ji Abdulgani a hankali.

"A kwaso," in ji Mala. "A fara da farin." Bai tashi ya taya masu kwasa ba, don bai san yadda zai koma cikin wancan zafin ba.